Surukina Mai Ɗinkin Ƙwarya

Wanda ya ba da aron rai ya karɓi abinsa wata ranar Lahadi a tsakiyar bazara, hantsi bai gama ɗagawa ba. Surukina ne, mahaifin maigidana, gyartan Illela, wanda duk ƙwaryar da ta tsage daga nan har Ƙonni hannunsa take nema. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ba kuma zai fito daga alƙalamina ba, don ba a yi mini tarbiyyar da mace ke kama sunan uban mijinta ba. Baba nake ce masa, Baba zan ci gaba da cewa. Abin da ya zaunar da ni rubutu kuwa, shekaranjiya na fito na tarar wani ya ɗaure jakinsa a gindin kurnar da Baba ke zama, yara na wucewa ko waiwaye babu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce in ban rubuta ba, nan gaba kaɗan za a ce ba a taɓa yin wani mutum a wurin ba.

Lahadi ita ce ranar kasuwar Illela, saboda haka kafin in gama rufe shi da zane labari ya kai bakin kasuwa. Matan unguwa suka fara shigowa, su durƙusa su ce mini, "Ina haƙuri? Allah shi ba da haƙuri." Daga nan sai su yi shiru su kalli ƙasa. Na san abin da ya maƙale musu a wuya. A gidan kowa, abin da ke biyo baya shi ne roƙa wa mamaci rahama, amma gidanmu kaɗai ne na masu bin Almasihu a garin, ba su san ko ya halatta su faɗa ba. Ban ga laifinsu ba. Wata tsohuwar Bafillatana ce kawai ta ajiye ƙwaryar nononta a tsakar gida, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Allah jiƙan gyartai, Allah jiƙan shi." Ba wadda ta amsa mata, ba kuma wadda ta hana ta.

Maƙwabcinmu na gabas, wanda fatake ke sauka a zaurensa, sa'an Baba ne kuma abokin faɗansa. Ya zo ya tsaya a bakin zaurenmu ya ɗaga murya yadda zan ji daga ciki.

"Ko mutuwa ma sai da yaz zaɓi ranar kasuwa," in ji shi, "don dai kada shi yi aiki."

Ya so ya yi dariya, murya ta ƙi. Ta jikin zana na hango shi yana share ido da jelar rawaninsa.

Mu uku ne a gidan, kuma mu ukun nan mu ne dukan jama'ar Kirista a Illela. Ɗaya ya rasu. Maigidana ya tafi da jakuna can arewa cikin ƙasar Faransi ɗauko kanwa, tafiyar da ba a aika wa mutum ya dawo. Saura ni, mace, baƙuwa, da gawar namiji a ɗaki, rana kuma tana ƙara zafi. Ba mai wanka, ba mai haƙa, ba mai ɗauka, ba mai cewa komai a bakin kabari. Wannan ne ya cika mini ciki, har kukan ma ban samu sukunin yi ba.

Ana cikin haka Gwaggo ta iso. Ƙanwar Baba ce, a Gidan Katta take aure, Musulma mai riƙon addini. Ta shigo kasuwa da daddawarta, labari ya tarye ta a hanya. Ta shiga ta buɗe fuskar yayanta ta daɗe tana kallo, sannan ta kama hannuna ta ja ni bayan rumbu.

"Ɗiyata, saurara," ta ce. "Ke kaɗai ta kusa da shi sa'adda rai yaf fita. An tahi kiran liman. In yat tambaye ki, ki ce kin ji shi ya yi shahada. Shi ke nan, a yi mai wanka, a yi mai salla, gari duka shi raka shi. Haihuwar Musulmi na, wa zai yi gardama? In ba haka ba, wa ka ɗaukar shi? Ke? Dubi rana."

Ba mugunta ta kawo ta ba, so ne, na sani. Kuma abin da ta faɗa game da rana gaskiya ne. Na ce mata na ji, ban ce na yarda ba. Na koma ƙofar ɗakinsa na zauna ina jiran liman, rayuwar da na yi da tsohon nan tana ta dawo mini guntu-guntu.

A wajen Tozai aka haife shi. Yana yaro yana korar tsuntsaye a gona tare da uwarsa mahara suka ɗauke shi, aka yi ta sayar da shi har kudu, inda wani ubangidansa ya koya masa ɗinkin ƙwarya. Da Turawa suka ci ƙasa aka saki bayi, a wani wuri bakin babban kogi inda ake tara 'yantattu ya ji labarin Almasihu ya karɓa. Can ya yi aure, can matarsa ta rasu. Sai ya ɗauko ɗansa ya dawo neman danginsa, lokacin ba a daɗe da kafa duwatsun iyaka tsakaninmu da Faransi ba. Gwaggo kaɗai ya tarar, da zanen fuska suka gane juna. Bai taɓa ɓoye wa kowa abin da yake bi ba. Mai unguwa ya ba shi fili a gefen gari, mutane suka yi ta surutu har suka gaji, ƙwarya kuma ba ta daina tsagewa ba, sai aka saba da shi.

Ni daga ƙasar Zazzau aka kawo ni. Maigidana ya je aikin hanyar jirgin ƙasa ya gan ni, na gan shi. Ƙauyenmu da majami'a, da guntun ƙarfen dogo da ake bugawa a madadin ƙararrawa, da waƙa har sai ƙirjin mutum ya ɗauka. Lahadin farko da na yi a Illela na yi wanka na ɗaura zanena mai kyau, na tambayi maigida ina ake sujada. Ya nuna mini tabarma a gindin kurna. Na tambaya ina Littafi Mai Tsarki. Ya ce gara ta cinye shi tun bara waccan. Muka zauna mu uku, jakunan kasuwa na wucewa, Baba ya faɗi abin da ya haddace, aka yi addu'a, aka tashi. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. A raina na ce an kawo ni inda Allah bai san hanya ba.

A nan ƙasar suruka ba ta zama kusa da uban mijinta, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kallon fuskarsa, shi ma ba ya sa ta gaba da magana. Baba ya fi ni riƙon wannan al'ada. Amma yana da dabararsa. In yana son in ji wani abu, sai ya ɗauki abin da ke hannunsa ya yi magana da shi, da muryar da za ta kai madafi. Da yamman nan ina hura wuta na ji shi.

"Ke ƙwarya, an ce daga garin masu ƙararrawa anka kawo ki. Nan babu, sai haƙuri. Amma ga ladan nan yana tashe mu kullum da asuba, bai taɓa cewa mu biya shi ba. In ya kira nashi, ni ma sai in tashi in yi nawa. Littahi kuma gara ta ci, to, ita ma ta samu rabonta. Abin da yash shiga nan ciki ba ta kai gare shi."

Na ji haushi, don a ganina wasa yake da abin da ba na wasa ba. Amma washegari da ladan ya ɗaga murya na ji motsin Baba a ɗakinsa, na ji yana gunguni, sai na tsinci kaina a durƙushe ni ma. Har yau da kiran ladan nake tashi yin addu'ata.

Bai iya doguwar addu'a ba, da bakinsa yake faɗa. Tsawon ɗinki shi ne tsawon addu'arsa. In mace ta kawo ƙwarya sai ya tambaye ta lafiyar gida, wa ke ciwo, wa ya yi tafiya, saniya nawa ta haihu. Ita tana tsammanin hira ce. Da ta ba da baya sai ya sa basilla a wuta, ya jiƙa zaren kaba a bakinsa, duk huji ɗaya ya ambaci wani nata a gaban Allah. Na sha jin sunayen 'ya'yan Fulanin da ban taɓa gani ba suna fitowa daga gindin kurnar nan. In ya ɗaure zare ya yanke, ya ce amin, ya zuba ruwa a ƙwaryar ya ɗaga sama ya duba ko tana ɗiga. In tana ɗiga sai ya ce, "Ashe addu'a ba ta ƙare ba," ya sake zama.

Faɗansa da maƙwabcinmu kuwa a kan Lahadi ne, kuma bai taɓa ƙarewa ba. Ranar kasuwa ce ranar da matan Fulani ke shigowa da fasassun ƙoransu, ita ce ranar cin abincin gyartai. Baba kuma ba ya taɓa basilla ran Lahadi. Duk mako sai maƙwabcin nan ya leƙo.

"Kai dai ban san irinka ba. Mutane na tahowa da aiki har ƙohwa, kai kana zaune awa sarki. Wane addini na ka hana mutum cin tuwo?"

"Kai ma kana ruhe shago ran Juma'a."

"Ni na yi wayo, tawa ba ta hwaɗa ranar kasuwa ba."

Haka za su yi ta yi, ɗaya ya ce kahiri mai taurin kai, ɗaya ya ce ɗan kasuwa mai son duniya, an jima ka gan su suna raba goro. Abin da Baba ke yi, yana da ƙoransa lafiyayyu a rataye. Wadda ta kawo fasasshiya sai ya karɓa ya ajiye, ya ba ta aron tasa ta juye nononta, wani mako ta dawo ta karɓi tata a ɗinke. Wasu ƙoran ba su dawo ba har yau. In maigidana ya yi ƙorafi sai Baba ya ce suna can suna aiki.

Ni ma na taɓa faɗa da shi, kuma a kan Lahadin ne, sai dai ta ɗaya gefen. Wata ranar kasuwa wata Bafillatana ta zo tana hawaye da babbar ƙwarya mai zane, ta uwarta ce da ta rasu, saniya ta taka ta. Rugarsu za ta tashi da sassafe, ba za su dawo ba sai kaka. Baba ya juya ƙwaryar, ya juya, sai na ga ya sa basilla a wuta. Jinina ya hau. A garinmu ko tsintsiya ba a ɗauka a ranar. Tunda ba dama in yi masa magana, sai na fuskanci tukunyar tuwo.

"Ke tukunya," na ce, "a garinmu wanda ya ce rana ta Ubangiji ce, ba ya komowa ya ce ban da yau."

Sai murya ta zo daga gindin kurna.

"Ke ƙwarya, gaya wa tukunya ta yi gaskiya. Amma shanu ba su san Lahadi ba. In na bar ki haka, mai ke za ta tahi da tsaga biyu, guda gare ki, guda ga zuciyarta. Ina jin Mai ranar ba zai so in huta ita ta kasa barci ba."

"Tukunya ta ji, amma ba ta yarda ba."

"To tukunya ta lura, tuwo na kamawa."

Tuwon kuwa ya kama, ranar da ƙauri muka ci shi. Bai karɓi ko anini a hannun matar ba. Har gobe ina ganin doka doka ce, kuma da ni ce da ban ɗinka ba. Sai dai matar nan ita ce tsohuwar da ta ajiye nononta a tsakar gidanmu ranar rasuwarsa ta roƙa masa rahama ba ta nemi izinin kowa ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai ya faru ne bayan rasuwar ɗiyata ta fari. Ba ta kai ga zama ba zazzaɓin damina ya ɗauke ta. Baba ya haƙa mata da hannunsa a bayan ɗakina, yadda ake yi wa jarirai, ya faɗi 'yan kalmomi ya miƙa ta ga Ubangiji. Matan unguwa suka yi ta ba ni shawara, wasu don tausayi, wasu don bakinsu ba ya zama. Gidan da ba laya ba rubutu, in ji su, yaya yaro zai tsaya? Ban bi shawararsu ba, amma na daina addu'a. Ladan ya kira, in juya in ja zane. Ran Lahadi su shimfiɗa tabarma, ni ina ɗaki. Fushi nake da Allah, fushi na gaske, kuma ban ɓoye ba.

Baba bai aiko a kira ni ba, bai sa ɗansa ya yi mini faɗa ba. Ya bar ni har gero ya fitar da kai. Wata la'asar sai na ji ya jawo tabarmarsa kusa da ƙofata, abin da bai taɓa yi ba, da wata ƙwarya da ta tsage tun daga baki har gindi.

"Ke ƙwarya," ya ce, "ba ni ce miki ba ki tsage ba. Kin tsage, kowa ya gani. Ɗinki kuma ba shi ɓacewa, har ki tsuhwa ana ganin shi. Abin da ni ka hwara yi, in huda ki can ƙarshen tsaga don kada ta ci gaba. Da zahi, na sani. Amma tun da ni ka aikin ga ba a taɓa kawo min ƙwaryar da ba a so ba. Wadda ba a so, juji aka kai ta. Ke kuwa Mai ke yana riƙe da ke, ko kin ji hannun ko ba ki ji ba."

Ya yi huji biyu ko uku. Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Ni ma daga gaban uwata anka ɗauke ni, ban sake ganinta ba. Na daɗe ina hushi da Shi. Bai yi hushi da hushina ba, jira yay yi."

Na toshe bakina da zane don kada ya ji kukana, ko da yake na san ya ji. Ban fito a Lahadin da ta biyo ba, taurin kaina bai bari ba. Ta gaba ce na fito na zauna can gefen tabarma. Ba wanda ya ce mini komai, Baba dai ya ɗan matsa ya bar mini inuwa.

Ciwon da ya tafi da shi a ƙirji ya kama shi. Lokacin da maigidana zai tafi, tari ne kawai, Baba da kansa ya ce ya je. Kafin mako ya zagayo ya kasa tashi. Dole na shiga ɗakin da ban taɓa shiga ba, ina ba shi kunu kaina a juye. Ko a nan bai saki al'adarsa ba. Sai ya dubi ludayin ya ce, "Sannu ludayi, an wahalshe ka." Ranar Lahadin ladan ya kira ban ji motsinsa ba. Da gari ya waye na shiga na zauna a wajen ƙafafunsa. Can ya buɗe ido ya ce, a sarari yadda ba zan ce ban ji ba, "Yesu, ga ni, na gaji." Bai sake cewa komai ba.

Wannan nake juyawa a raina aka ce liman ya iso. Dattijo ne mai sanyin magana, shi ma matansa Baba ke yi wa ɗinki. Ya zauna a zaure, maza sun kewaye shi, ni ina durƙushe a bayan zana, Gwaggo na riƙe da wuyan hannuna.

"Ɗiyata," ya ce, "an ce ke ad da shi har ƙarshe. Mi yac ce?"

Gwaggo ta matse hannuna. Na tuna zafin ɗakin, na tuna ƙudan da na riga na fara kora. Na tuna maigidana zai dawo ya tambaye ni ina na kai ubansa. Kalma ɗaya ce, ba kuma mai ƙaryata ni. Wallahi na so in faɗe ta. Amma mutumin nan ya yi shekara da shekaru shi kaɗai a gari bai taɓa sunkuyar da kai a kan abin da yake bi ba, ya sha gori, ya bar cinikin kasuwa. Yanzu da ba shi da bakin musu, ni zan sa masa maganar da bai yi ba?

"Allah gafarta malam," na ce, "sunan Yesu ya kira."

Gwaggo ta saki hannuna kamar ta taɓa wuta.

"Kin hwaɗi gaskiya, kuma na san da wuya," in ji liman. "To, salla ba mu yi mai, maƙabartarmu kuma ba mu kai shi. Hanyar da yab bi, a sarari yab bi ta. Ba mu aza mai abin da bai ɗauka ba."

Na ji takalma suna motsi, masu hanzarin kasuwa sun fara zamewa. Na ce shi ke nan, na yi gaskiya na bar tsoho a rana. Sai na ji muryar maƙwabcinmu.

"Malam, binne maƙwabci hwa?"

"Wannan haƙƙi na," in ji liman. "Ɗan Adam ba a barin shi a wulaƙance."

"To ni ka wanke shi. Ba wankan salla ba, ruwa dai da sabulu. Gonata ta hanyar Tozai tana da gehe, shi kwanta yana kallon garinsu. Kai, da kai, ku ɗauko magirbi ku haƙa. Kasuwa ba ta gudu."

Ya aika aka yanko farin alawayyo daga cikin hajarsa don likkafani. Ya shiga ɗakin shi kaɗai da tulu, na ji shi yana yi wa gawar faɗa a hankali, wai ko yanzu sai da ta hana shi ciniki. Makarar masallaci ba ta fito ba, a kan gadon Baba na kara aka ɗaure shi. Gwaggo ba ta tsaya ba. Ta ɗauki ƙwaryar daddawarta ta ce na hana ɗan'uwanta salla, Allah shi isar mata. Har yau ba ta sake taka gidanmu ba, kuma abin yana ci mini rai, don ina sonta.

Mace ba ta bin gawa a garin nan, kowa ya sani. Da suka ɗaga gadon na tsaya a zaure. Maƙwabcinmu ya waiwayo ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ɗiyar mutane, ɗauko mayahinki. Babu wani nashi sai ke." Na bi su daga nesa, kaina a rufe, ƙasa na ƙona mini tafin ƙafa. Ba su da yawa. Shi, da masu haƙa, da wani mahauci, da wasu masu jakuna abokan tafiyar maigidana da ba su je wannan karon ba. A gefen gonar masu haƙa suka aiko a tambaye ni ina namu ke fuskanta. Na ce ban sani ba, su yi yadda suka iya. Suka haƙa yadda suke yi wa iyayensu.

Da suka saka shi suka jera itace, sai kowa ya tsaya. Nan ne wurin da ake cewa wani abu, kuma ba wanda ke da abin cewa. Maƙwabcinmu ya gyara murya.

"Abin da ku ka ce ma naku, zo ki ce mai. Mu ba mu iya ba."

Na matso bakin ramin. Ban taɓa buɗe baki a gaban taron maza ba, ban kuma taɓa yin magana a gaban Baba ba sai da tukunya a tsakaninmu. Ga idanu a kaina, ga shi a kwance. Na buɗe baki, magana ta ƙi fita. Na sake gwadawa, ko sauti bai fito ba. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka danne ni, na tsaya ina jin zan bar shi ya tafi ba kalma ɗaya bayan duk abin da aka yi.

Maƙwabcinmu ya dube ni sau ɗaya. Sai ya juya mini baya ya fuskanci gona. "Ku juya," ya ce wa sauran. Ɗaya bayan ɗaya suka juya, mahauci, masu jakuna, masu haƙa da magirbinsu a hannu, suka tsaya a jere cikin rana suna kallon ƙasar da ba a shuka ba.

Na durƙusa. Muryata ta dawo, ƙarama, amma ta dawo. Na ce, Ubangiji, ga bawanka, ya ce maka ya gaji. An sace shi yana yaro, kai ka nemo shi. Ya zauna shi kaɗai a garin nan bai ji kunyar sunanka ba, kada ka ji kunyarsa. Ka hutar da shi, ka tashe shi a ranar da ka alkawarta. Ka sāka wa mutanen nan da suka bar kasuwarsu suka ɗauke shi. Ni kuma da ya bari, ka riƙe ni, don ban san yadda zan yi ba. Na roƙa cikin sunan Yesu.

Na yi shiru. Mu uku muka saba cewa amin, ɗaya yana cikin rami, ɗaya yana ƙasar Faransi, ni kuma kuka ya riga ya ƙwace mini baki. Sai daga cikin bayan nan da aka juya mini, wata murya ta ce amin, a hankali. Ban san ta wane ne ba, kuma ban taɓa tambaya ba.